Minti Tara a Zauren Malam Tahiru

Ghali ɗan Malam Tahiru ne, mai sayar da yadi a unguwar Sersouf ta Tamanrasset, kudancin Aljeriya. Yana ɗan shekara bakwai suka baro Damagaram. A Tamanrasset ya yi lekkol, wato makarantar boko, ya tafi jami'a a Aljer, babban birnin ƙasar, ya dawo ya shekara goma sha ɗaya yana rubuta wa wani kamfanin jigilar kaya manhaja. Da kamfanin ya rufe buronsa na nan, aka ce masa ko ya koma Aljer ko ya ajiye aiki. Ga shi ganin Malam Tahiru ya yi rauni, Ghali ne mai kai shi asibiti, shi ne mai karanta masa takardar magani. Sai ya nemi gurbin babban injiniya a wani kamfani da ke barin mutum ya yi aiki daga gida.

Ganawar ɗaukar aikin hawa huɗu ce. Ya haye uku: hira ta waya, rubuta manhaja ana kallonsa, da gyaran wadda wani ya rubuta. Bai faɗa wa kowa ba, har matarsa Salima, don a gidansu ba a maganar abu sai ya tabbata.

Ranar ganawa ta huɗu Salima ta tafi suna, Malam Tahiru na barcin bayan azahar. Ghali ya zauna gaban ordinater, wato kwamfuta, fuskoki uku na kallonsa ta cikinta. Shugabarsu, Madam Walida, ta ba shi sa'a ɗaya ya zana yadda zai gina manhajar bin sawun motoci dubu biyar. Ya ci rabi ke nan ya ji sallama. Ya san muryar: Alhaji Zakariya'u ne, aminin babansa, daga Abalessa. Sallama ta biyu. Ta uku. Dattijo irin wannan ba a barin sa tsaye a rana. Ghali ya roƙi minti ɗaya, ya fita.

"Ina gajiya, Baba? Ina mutanen gona?"

"Lafiya lau. Kama buhun nan, dabinon bana ne. Ina tsohon?"

Ya shimfiɗa tabarma, ya kawo ruwa, ya durƙusa aka bi iyali ɗaya bayan ɗaya.

"Kai Ghali, sai waigen ɗaki kake. Tukunya ka ɗora?"

"Aiki ne, Baba."

"Aiki a ƙarƙashin fanka! Allah Ya ba mu irinsa. Tashe mini babanka, ka je."

Da ya koma, agogo ya nuna minti tara ya yi. Madam Walida ta ce ba za a ƙara lokaci ba. Ya watsar da ƙananan abubuwa, ya zana ginshiƙan kawai. Ɗaya daga cikin mazan ya tambaye shi, in direba ya kwana biyu ba rezo, wayarsa ba ta kamawa, fa? Ghali ya ce a hanyar kudu kullum haka ake: wayar ta adana komai, ta aika in ta samu, ya nuna yadda za a hana saƙo shiga sau biyu. Mutumin ya rubuta wani abu. Aka rufe.

Kwana shida ba labari. Ghali ya soma tambayar gidan haya a Aljer a ɓoye, yana tunanin wa zai bar wa tsohon.

Rana ta bakwai Madam Walida ta kira. Sun ɗauke shi. Ta ce amma don Allah ya riƙa faɗa wa mutanen gida in yana da taro.

Ya iske Salima tana tsince shinkafa, ya zauna a ƙasa kusa da ita, ya ba ta labari tun daga farko.

"Wata biyu kana ɓoye mini, malam! Da ka faɗa, ai da ban je sunan ba." Ta ture faranti gefe. "To yanzu babu tafiya Aljer?"

"Babu."

"Je ka faɗa wa Baba. Ka faɗa da ƙarfi, ni ma in sake ji."