Sawun da Inna Ba Ta Shafe Ba

Warin makuba ne ya fara dukan hancina, ranar da magina suka fasa simintin ɗakin mahaifiyata a Gafasa, wata takwas da rasuwarta. Tayil na so a shimfiɗa. Wallahi ban zaci warin nan zai shekara arba'in a ƙarƙashin siminti yana jirana ba.

Ni ne ɗan farinta, kuma kun san al'adar mutanenmu. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "kai wannan". Ƙannena su hau cinyarta, ni kuwa ko tuwo sai ta ba wani ya miƙo min. Kowa ya ce kunya ce, na sani. Amma zan faɗa muku gaskiya: na girma ina zargin ba ta sona, zargin nan kuma ya bi ni har bakin kabarinta.

Gwanar daɓe ce. Da rani, bayan an gama roron gyaɗa, har daga Ajingi ake zuwa ɗaukarta. Ta baza tsakuwa, ta yayyafa ruwa, mata su jeru a durƙushe da madaɓai suna bugu tare, sannan ta bi da ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, har ƙasa ta yi sheƙi. Ba ta yafe aibi ko na ƙwayar gero.

Shekarar da ta daɓe nata ɗakin ina ɗan shekara biyar. Na biyo kaza a guje, na zurma ƙafa a ɗanyen daɓe ta kusurwar gado. Ta ɗago, fuska a murtuke.

"Kai wannan, fice min!"

Na wuni a bayan rumbu ina kuka. Na tabbata kafin la'asar ta bi wurin da madaɓi. Gadon ƙarfe ya hau kansa, daga baya mahaifinmu ya sa aka zuba siminti.

To, ranar nan babban maginin, wani dattijo, ya leƙo tsakar gida ya ce, "Alhaji, zo ka gani kafin mu sa diga."

Sawuna ne. Ɗan mitsitsi, yatsu biyar cif. An kewaye shi da tsingaron tangaran fari da shuɗi, an jera su ɗaya bayan ɗaya, an danna da kyau.

Dattijon ya shafa wurin ya ce, "Wannan aikin ya fi wuni guda. Ɗan wa ne haka ake ji da shi?"

Na durƙusa, na ɗora tafin hannuna a kan sawun.

Yanzu ɗakin duk tayil ne, sai wannan kusurwa da na hana a taɓa. 'Ya'yana kan yi dariya, wai me ya sa Baba ke kiran sunan yayarsu, 'yar farina, sau goma a wuni. Ban taɓa gaya musu dalili ba.