Ashana a Damtsena

A ƙauyenmu na ƙasar Dawakin Tofa, mace in ta haihu gidan iyayenta take tafiya goyo, ba ta komawa ɗakin miji sai yaro ya yi ƙwari. Da haka iyayenmu suka tsere wa kwanika, wato ciki a kan goyo. To, ni a shekarun da taki ya gagari talaka na fara haihuwa. Ina gama wankan jego Inna ta ce, "Ki yi haƙuri 'yar nan, kin dai ga rumbun." Na tattara na koma.

Uwar mijina ta ɗaura mini guru a ƙugu, ta ce da shi ta raini 'ya'yanta duka. Gurun nan ya ci amanata. Ɗana bai fara rarrafe ba na samu ciki. Nono ya ƙafe, yaro ya yi ta ramewa, muka binne shi kafin in sauka. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Da na haifi mace, na rantse wannan sai ta sha nono ta ƙoshi. Na ce wa maigida, "Malam, ko ka auna mini hatsin da zan zauna gidanmu, ko ka kai ni asibiti." Ya leƙa rumbu, ya je ya ji ta bakin liman, ya dawo ya tayar da babur.

Ma'aikaciyar asibitin ta baje mini komai a kan tebur. Ƙwaya kullum ake sha, ni kuwa gishirin miya ma mantawa nake. Allura sai an riƙa dawowa duk wata uku, ga hanyarmu in damina ta sauka jaki ma tunani yake. Sai ta nuna mini wani ɗan siriri da mata ke kira ashana, a sa a damtse ya yi shekaru, a cire ran da aka so. Ta ce al'ada tana iya rikicewa. Na miƙa hannu. Ta kuwa rikice, na daure.

Uwar miji ta ce abin zai bi jini ya shige zuciya. Kullum da safe sai ta zo ta latsa damtsena ta ji ko yana nan, ni kuma in ce, "Iya, bai tafi ba tukuna."

Ranar yaye, bisa al'ada ɗakin kaka ake kai yaro. 'Yata da ƙafarta ta tafi, kumatu cike, tana jan zanina. Daɗi ya cika ni har na rangaɗa guɗa a tsakar gida, ban ji kunyar kowa ba. Uwar mijina ta ɗora ta a cinya, ta jijjiga ta ta ji nauyi. Can ta kama damtsena, ta rage murya.

"Wace rana ake sa abin nan? Autata jibi za ta yi arba'in."