Darasi a Cikin Sito

Ban taɓa mantawa da ranar da na koyar a cikin sito ba, lokacin ina malamar aji huɗu a wata firamare a Gwandu. A zangon nan ina karanta wa yarana wani ɗan littafin labari, na wani yaro gurgu da ake kullewa a gidan marayu, abokinsa kuma ya ƙi rabuwa da shi. Mu ma muna da tamu, Saratu, wadda shan inna ya kama wa ƙafafu. Ƙawarta Balkisu ke turo ta a keke kullum.

Ga wanda bai san aikinmu ba, idan masu duba makarantu za su zo, hedimasta kan ɓoye duk abin da zai jawo tambaya. Karyayyun bencina sito ake kai su. Saratu ma haka, domin ajinmu matakala gare shi, sai ta sauka daga keke ta ja jiki take shiga. Abin yana ƙona mini rai.

Ranar nan hedimasta ya leƙo ya ce in kai ta sito har baƙi su tafi. Na ce to, ranka ya daɗe. Bai dai faɗa mini inda zan yi darasi ba. Na ɗauki littafin na bi keken, kuma ban hana kowa biyo ni ba.

Baƙi suka tarar da aji wayam. Suka bi muryoyi har sito, ga mu a matse tsakanin bencina da tsintsiyoyi, Saratu na karanta mana babi na gaba. Shugabar tawagar ta tambayi abin da muke yi a nan. Hedimasta ya fara tari. Balkisu ta ɗaga hannu da ladabi.

"Hajiya, yau ranar baƙi ta. In baƙi sunka zo, nan aka aje Saratu. Mu ko ajinmu guda."

Kafin hutu aka zuba siminti a bakin ajin, keke na hawa sumul. Ni kuwa aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Kalgo, wai don ƙarin gogewa.

Na goge kuwa. Abin da nake gaya wa sababbin malamai shi ne, kada ku yi wa na gaba gardama. Ku kai yarinyar inda aka ce, amma ku tafi da littafin.