Sanyin da muka yi a ɗakin ƙarfe

Da kamfanin gyaran hanya ya tashi daga Matameye, ni da na yi musu gadi sai suka bar mini karaban, ɗakin ƙarfe mai taya da injiniyansu yake kwana a ciki. Shanu biyu suka jawo shi har ƙofar gidana. 'Yan unguwa suka taru suna shafa shi, suna cewa na zama Bature. Har yau in na tuna bakunan nan raina ɓaci yake. Babu wanda ya taɓa kwana a ƙarfe cikinsu, amma kowa ya iya yabo.

A daminar nan bangon ɗakinmu ya zube. Yayana ya ce mu buga tubali da an gama girbi. Na ce masa ƙarfe ba ya son yaɓe.

"To," in ji shi, "kai da matarka ku shiga gwangwani kamar kifi."

Muka shiga. Da sanyi ya kankama, sai na ga abin da aka ba ni. Injiniyan da na'urar ɗumama ɗaki yake kwana, sun kwance ta sun tafi da ita, ba wanda ya ce mini uffan. Bango in ka taɓa kamar ƙanƙara. Da safe rufin yana zufa, yana ɗiga a kan bargo. Matata mai ciwon ƙirji ce, tari ya sa ta gaba.

"Malam, mu koma ko rumfar kara ce," ta ce. "Wannan abin naka firji ne."

Na ce mutane za su yi dariya.

Sai na bi kowace kafa na cusa tsumma, na shigo da kaskon garwashi kamar yadda muke yi a ɗakin ƙasa tun kakanni. Ɗakin ƙasa yana numfashi ta azara da ƙasan ƙofa. Wannan kuwa ni da hannuna na toshe masa hanci.

Da asuba na fita masallaci kaina kamar zai tsage, na yi amai a hanya. Na dawo na sami matata yadda na bar ta. Na kira, na girgiza, shiru. Yayana ne ya ɗauke ta a amalanke zuwa likita, wato asibitin garinmu, bai ko kalle ni ba. Ma'aikacin can ya ce hayaƙin gawayi ne, irin wanda ido ba ya gani.

Masu yabon nan suka zo dubiya suna cewa ai sun san haka za ta faru. Da na iya, da na kore su da sanda.

Ta tashi, alhamdulillahi, amma hannunta na dama bai daina rawa ba. Matar da ta yi shekaru tana tuyar ƙosai, yanzu ludayi ma gagararta yake. Ni nake riƙe mata kofin kunu kullum. Wani lokaci in zuba mata a zane, ta ce, "A hankali, Malam, ba kora ake yi ba."