Almakashin Hajiya Talatu

Na san Talatu tun tana yarinya a Gada Biyu, tana yawo da tiren dafaffen dankali, ƙafa ba takalmi cikin sanyin Jos. Mahaifinta ramin kuza ne ya rufta da shi, uwarta wankau take yi. Akwai wata tela a layinmu, Madam Theodora, da ta gaji da ganin yarinyar tana leƙe ta taga, sai ta jawo ta ciki. Ba a daɗe ba ta miƙa mata almakashi da atamfar mutane, ta ce, "Yanka. In ya lalace, ni za a zaga." Talatu ta lalata, ba sau ɗaya ba. Da haka ta iya.

Yau Hajiya Talatu ce. Babban shago a unguwar Congo-Russia, kekunan ɗinki a jere, 'yan mata masu koyo cike. Ana gayyatarta tarukan matasa, ta ba da labarin tiren dankali har mata su share hawaye, ta ce wajibi ne manya su ja yara a jiki. Na taɓa zama a irin taron. An raba lemo.

Abin da ba a faɗa a taro shi ne, ba a yanka a shagonta. A gida take yi, ƙofa a rufe, da safe ta zo da yankakken kaya a leda. Yaran su haɗa, su sa maɓalli, su yi guga.

Fiddausi, jikar aminina Badruddeen, ta yi shekaru a wurin. Idon kakan ya mutu, kuma ita gidan ke jira ta fara ciyar da su. Shi ya roƙe ni in je in yi magana.

Bayan mun gaisa na ce, "Hajiya, yarinyar nan ta fara riƙe almakashi kuwa?"

Ta yi dariya. "Haba Baba! So kake ta buɗe shago a ƙofata ta kwashe mini mutane? Kar ka damu, zan yaye ta, har da yanka kek."

Na ce, "Na ga Madam Theodora kwanan baya."

"Ayya, tana nan da rai ashe? Fiddausi, ba Baba ruwa mana, kin tsaya kina kallona."

An yi bikin yaye, an yanka kek, an ɗauki hoto. Badruddeen ya sayar da awakinsa ya saya wa jikarsa keke. Aikinta na farko leshin wata maƙwabciya ne, Ezinne, da za ta saka ran bikin ɗanta. Fiddausi ta yini tana juya yadin, ta rasa ta ina ake farawa. Da ta yanka, rigar ta ƙi shiga kafaɗa, kuma babu sauran yadi. Ezinne ba ta yi faɗa sosai ba, amma labari ya zaga unguwa. Ba wanda ya ƙara kawo ɗinki.

Fiddausi ta koma shagon. Hajiya ta karɓe ta hannu bibbiyu, har da keken, aka yi masa wuri a ƙarshen layi. Ran da na biya ta shagon, na ji tana gaya wa wata mai kawo ɗinki cewa yaran yanzu gaggawa gare su. Fiddausi na gefe tana sa maɓalli, ba ta ɗago kai ba.

Yanzu in hanya ta kai ni Congo-Russia, ta bayan layin nake bi.