Maciji a Ƙafar Gadon Amira

Akwai ranar da har yau ba ta bar raina ba, wata Talata cikin watan Nuwamba, lokacin da ruwa ke sauka kusan kullum. Ku da kuka shigo aikin renon yara kwanan nan, ku saurara in ba ku labarinta.

Lokacin ina aiki a ƙasar waje, a wani gidan reno can bayan gari, nesa da unguwar Setapak ta cikin birni, a unguwar da aka sare gonar kwakwar manja aka gina gidaje. Haya ta yi tsada a birni, sai mutanenmu suka riƙa komawa can. Da sassafe kowa ya bi jirgin ƙasa ya tafi aiki ko makaranta, unguwa ta yi tsit, daga tsofaffi sai mu da yara. Mai wurin Madam Rifkatu ce, 'yar Kaduna, ita ma tana da aikinta a birni. Ni ce babbar mai reno, wato makulli da waya suna hannuna.

Gidan bai samu rajista ba tukuna. Ga shi ana shirin zaɓen kwamitin unguwa, wani ɗan takara yana bi gida-gida yana cewa baƙi sun mai da gidajen kwana wurin sana'a. Saboda haka Madam ta kafa mana doka: kome ya faru, kar a kira mai kaki, ita za a kira.

Bayan azahar na kwantar da yara, manya a falo, jaririya Amira a gadonta na katako a ɗakin ciki. Na koma in duba ta, sai na gan shi. Baƙin maciji, ya biyo magudanar banɗaki, ya naɗe a ƙafar gadon. Ina motsawa ya ɗaga kai ya buɗe wuya. Gamsheƙa ce, kuma tana tsakanina da yarinyar.

Na ja da baya a hankali, na tashi manyan na fitar da su baranda, na kira Madam.

Ta ce, "Anti Hadiza, ki rufa mini asiri. Nemi namiji ya zo da sanda."

Na ce, "Madam, wane namiji? Duk suna birni."

"To ga ni nan, yanzu zan hau jirgi."

"Kafin ki iso yarinyar ta farka."

Ta ce, "In masu kaki suka zo an rufe mu. Ke ma kin sani."

Na sani mana. Da albashin nan nake biya wa ɗana kuɗin makaranta. Ina tsaye da waya a kunne sai na ji Amira ta yi ɗan ƙunƙuni. Ita kuwa ta kai lokacin da in ta farka take zuro hannu ta tsakanin sandunan gado.

Maƙwabciyarmu wata tsohuwa ce 'yar ƙasa, Makcik muke ce mata, wato inna, wadda ta sha yi mana faɗa kan hayaniyar yara. Na leƙa ta katanga na ce, "Makcik! Ular!" Sunan maciji ke nan da harshensu. Ba ta tambaye ni kome ba, ta kira 'yan kwana-kwana, waɗanda suke ce wa bomba. A ƙasar nan su ke kama maciji.

Na koma bakin ƙofar ɗakin na durƙusa. Ba halin shiga, ba halin tafiya. Na riƙa yi wa Amira waƙar lallashi ƙasa-ƙasa don ta koma barci, idona a kan macijin, shi ma nasa a kaina. Makcik ta zo bayana ta dafa kafaɗata. Yarinyar ta juya, ƙafarta ta bugi katako, macijin ya ƙara miƙewa. Duk da haka ban bar waƙar ba.

Da suka iso, ɗaya ya shiga da doguwar sanda mai baki, ya cafke wuyansa ya jefa a buhu. Ya miƙo mini Amira yana dariya, ya ce, "Wannan gimbiya ko ta san an yi baƙo?"

Amma duk layin sun ga jar mota a ƙofarmu. Ba a yi mako ba 'yan kwamiti suka zo, aka rufe gidan. Madam ta dube ni ta ce, "Kin rufe mini wuri." Na ce, "Na rufe, Madam, ki yi haƙuri." Da ta buɗe wani gidan daga baya ba ta neme ni ba, ni kuma ban riƙe ta a zuci ba, ita ma tsoro ne. Na daɗe ina dafa abincin sayarwa kafin na samu aikin nan.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu iyaye suna can nesa, mai wuri tana can nesa, ke kaɗai ce a ɗakin. Don haka kafin ki karɓi ɗan kowa, ki tambayi mai wurin: in abu ya faru, wa aka yarda in kira? In kika ga ta yi jim, ki yi mata godiya, ki ɗauki jakarki.