Gonar da Malam Bawa ya ba marayu da baki

Bana shekara bakwai ke nan da muka kai Malam Bawa makwancinsa a Morai, kuma ban taɓa zaton ranar da zan zauna rubutu a kansa ina jin haushinsa za ta zo ba. Aminina ne tun muna yara. Ni na kama alli na koyar a Bakura har na ajiye aiki, shi ya kama fartanya bai sake ta ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Mutum ne mai hannu sake, mai taurin kai irin wanda ko jaki zai sara masa.

Ɗansa na fari, Lawali, ya riga shi rasuwa. Ya bar mata, Hajara, da yara uku. Duk wanda ya zauna gaban malamai ya san hukuncin: jikan da ubansa ya riga kakansa mutuwa ba ya cin gadon kakan muddin akwai baffanni maza a raye. Bawa ma ya sani. Shi ya sa ya ware gonarsa ta fadama, wadda ke shan ruwan rani, ya ce ta marayun ce. Ya faɗa mini, ya faɗa wa liman, ya faɗa wa duk wanda ya tsaya shan inuwa a ƙofar gidansa. Amma bai sakar musu ita ba. Shi yake nomawa, shi yake girbi, ya sa a kai buhunan shinkafar ɗakin Hajara ko tiya ɗaya bai taɓa ba. A ganinsa, barin mace mai takaba da ƙananan yara su shiga laka alhali yana da ƙarfi abin kunya ne.

Wannan ya hana ni sukuni, har na je Talata Mafara na ɗauko wani tsohon ɗalibina da ya zama lauya, yaro mai ladabi da ya san shari'ar Musulunci. Ya durƙusa ya gaida Bawa, aka daɗe ana gaisuwa, sannan ya yi bayani a hankali. Ya ce kyauta ba ta tabbata sai wanda aka ba ya karɓi abin a hannunsa tun mai bayarwa na da rai da lafiya. Ko dai a miƙa wa Hajara gonar a gaban shaidu ta riƙa juya ta da kanta, ko a yi wasiyya da ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiya ba, a rubuta, a sa hannu.

Bawa ya saurara har ƙarshe, sannan ya juyo gare ni.

"Malam, mi ni yi maka da za ka kawo man lauya gida? Lauya na masu rigima na. Ɗiyana ba su yin rigima."

Na ce, "Bawa, wasiyya ai addini ce, ba ta bature ba ce."

Ya ce, "Awo, amma ban mutu ba tukuna. Gonag ga na ba su, kowa ya jiya. Ka bar kiran man mutuwa da rana tsaka."

Ya sa aka kawo wa lauyan fura, ya cika masa bayan mota da albasa, ya raka shi har bakin hanya. Na sake tayar da maganar sau da yawa, kullum sai ya yi dariya ya ce bokona ya yi yawa.

Maganar gaskiya, ba a yi rigima ba bayan rasuwarsa. Sanusi, babba a cikin 'ya'yansa da suka rage, ya bar wa Hajara gonar, shi da ƙannensa suka ci gaba da noman manyan gonakin tudu da ke wajen Kaya. Ba wanda ya ce a raba gado. Na fara tunanin ko ni ne mai gajen haƙuri. To sai tsaro ya lalace. Gonakin tudun nan yau ba mai iya taka su, balle ya yi shuka. Sanusi ya kwaso iyalinsa daga can ya dawo Morai, gida ya cika da bakuna, kuma gona ɗaya tak ta rage da za a iya zuwa a dawo lafiya. Ita ce ta fadama. Sai Sanusi ya ce a sa ta cikin gado a raba.

Na so a ce Sanusi mugu ne, da na san abin da zan rubuta. Ba mugu ba ne. Na je na same shi, na roƙe shi da girman ubansa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ni ma ɗiya gare ni, kuma jiya ba mu ɗora tukunya ba. In alƙali ya ce tasu ta, wallahi na bari." 

Yanzu magana na gaban kotu. Lauyan nan da aka sallama da albasa shi ne ya tsaya wa Hajara, bai nemi komai ba, kuma bai ɓoye mata cewa shari'ar ta yi musu nauyi ba. Aikin da zai gama a zama ɗaya a zauren Bawa, ga shi yana ta fama da shi wata da watanni, yana neman hujjar da babu ita.

Nakan tambayi kaina me Bawa zai ce da zai leƙo ya ga ɗansa a wannan benci, jikokinsa a wancan. Na san shi, cewa zai yi a raba shinkafar kowa ya ci. Amma gonar ba ta isa ciyar da gida biyu, kuma mai raba ta da adalcin zuciya ya tafi. Ku da kuke riƙon marayu kuna cewa kowa ya sani, ku ji tsoron Allah ku kira wanda ya san hukunci tun kuna iya magana. Sanin kowa ba ya tsayawa a gaban alƙali.

Abin da ya rage na Bawa shi ne alherinsa, kuma alherin nan ne aka kira ni in ba da shaida a kai mako mai zuwa. Lauya ya gaya mini tambayar da za a yi: wa ke riƙe da gonar a ranar da marigayi ya rasu? Hajara ta zo gidana da yammacin jiya, ta durƙusa daga nesa.

"Baba, kai kaɗai muka da. Mi za ka ce musu?"

Na ce ta tashi, na ce Allah na nan. Ban iya kallon ta ba. A cikin gonar nan Bawa ya faɗi ya cika, yana dasa wa jikokinsa shinkafa. Ni na yi masa wanka, ni na cire lakar fadamar daga tsakanin yatsun ƙafarsa. Za a ce in faɗi gaskiya tsakanina da Allah, kuma ba ni da wata amsa sai wannan: a hannunsa take.